Me likitan ƙwaƙwalwa yake nema a wurin wanda ya riga ya mutu? Misalin Marilyn Monroe

Tambaya: Na ji an ce da 'yar fim ɗin nan ta Amurka, Marilyn Monroe, ta mutu, ban da likitan da ya feɗe gawar har likitocin ƙwaƙwalwa aka kira su yi bincike. To me za su gano a kan wadda ba za su iya yi wa ko tambaya ɗaya ba? Kuma za su iya tabbatar da cewa kashe ta aka yi ko ba kashe ta aka yi ba?

Amsa: Malam, ƙarshen tambayarka ya fi sauƙi, bari a fara da shi: a'a. Likitan ƙwaƙwalwa ba ya gano mai kisa, kuma duk wanda ya ce ya gano shi daga nazarin halin mamaci kaɗai ya wuce gona da iri. Abu guda ake kiransa ya auna, wato niyya. Wannan mutumin, a wannan daren, ya yi nufin ya mutu? Ya san abin da ya aikata zai kai shi ga mutuwa?

Buƙatar hakan ta taso ne daga takardar shaidar mutuwa. A Amurka gurbi biyu ake cikewa. Na farko sanadi, abin da ya tsayar da numfashi ko zuciya, kamar gubar maganin barci ko nutsewa a ruwa. Wannan na likitan feɗe gawa ne da ɗakin gwaje-gwaje. Na biyu shi ne yadda mutuwar ta zo, kuma zaɓi biyar ne: mutuwar Allah da Annabi, ko tsautsayi, ko mutum ya halaka kansa, ko ta hannun wani, ko kuma a rubuta ba a tantance ba. (A lura, Bahaushe in ya ce kisan kai, kashe wani yake nufi, don haka a nan za a riƙa cewa halaka kai in mutum ne ya yi wa kansa.) Gawa tana iya amsa gurbin farko sarai ta yi gum a kan na biyu. Mutum huɗu za su mutu da magani iri ɗaya, adadi ɗaya a jini: wannan ya sha da gangan, wannan ya kuskure awo, wannan an zuba masa, wannan likitansa ne ya yi ganganci. Jini da hanta ba su san bambancinsu ba.

A ƙarshen shekarun 1950 irin waɗannan gawarwaki suka yi wa Dokta Theodore Curphey yawa. Shi ne babban likitan binciken mutuwa na gundumar Los Angeles, kuma a lokacin ƙwayoyin barci dangin babiturat suna ko'ina. Sai ya nemi taimakon cibiyar hana halaka kai da aka buɗe a birnin a 1958, inda Edwin Shneidman da Norman Farberow da Robert Litman suke aiki. Shneidman ne ya raɗa wa aikin sunan da ma'anarsa ita ce feɗe tunanin mamaci. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuskar ta tafi, sai dai a tambayi abin da mai ita ya bari a takardu da kwalabe da bakin mutane.

An tsinci gawar Monroe da asubahin Lahadi, 5 ga Agusta 1962, a ɗakin kwananta a unguwar Brentwood, tana da shekara 36. Ƙofar a kulle take, sai da likitanta na ƙwaƙwalwa, Ralph Greenson, ya fasa taga ya shiga. Ba ta bar wasiƙa ba. A gefen gado akwai kwalaben magani, ciki har da ta Nembutal, maganin barci dangin babiturat, mai kafso 25 da aka karɓo ranar 3 ga wata, babu ko ɗaya a ciki. Thomas Noguchi ya feɗe gawar a ranar. Gwaji ya nuna Nembutal miligiram 4.5 a kowane mililita 100 na jini, miligiram 13 a kowane giram 100 na hanta, da wani maganin barcin, kuloral haidiret, miligiram 8 a jini. Sanadi dai ya fito fili. Don gurbi na biyu Curphey ya kira Farberow da Litman da Norman Tabachnick. Suka zauna da likitocinta da na kusa da ita, ranar 17 ga Agusta aka sanar da sakamako. Abin da suka kafa hujja da shi: ta daɗe tana fama da matsanancin ciwon damuwa da tsoro da saurin juyewar yanayi, ta taɓa yunƙurin halaka kanta da ƙwayoyin barci fiye da sau ɗaya, ta kira a cece ta kuma aka cece ta, adadin da ke jikinta ya ninka abin da ke kisa, kuma alamu sun nuna cikin ɗan lokaci kaɗan aka sha shi. Ko da haka ba su ce tabbas ba. Hukuncin shi ne, mafi rinjayen zato ita ta halaka kanta. Wannan kalma ta rinjaye ita ce iyakar ƙarfin sana'ar, jiya da yau.

Yanzu ga yadda ake aikin.

Takardu ake farawa da su, ba mutane ba. Rahoton feɗe gawa da na gwajin guba, hotunan ɗakin kafin a taɓa komai, bayanan 'yan sanda na farko, fayil ɗin kowane likita da ya taɓa duba mamacin, rajistar kowane kantin magani, bayanan banki, wasiyya da ranar da aka sauya ta in an sauya, takardun inshora, kwantiragin aiki, littafin da yake rubuta sirrinsa, sannan a zamanin nan abin da ƙwararru suka zazzago daga waya da kwamfuta: saƙonni, kira, abin da ya bincika a intanet da ƙarfe nawa. Dalilin fara da takardu shi ne an rubuta su tun ba wanda ya san mutuwa na tafe, don haka ba a gyara su don su dace da ita ba.

Daga nan sai lissafin ƙwaya, wanda aiki ne na ɗan firamare amma ya fi yawancin hirarraki amfani. A ce an ba mutum ƙwaya 30, ɗaya kowane dare, kwana 10 kafin ya mutu. Ya kamata a tarar da 20. Idan 2 aka tarar, akwai 18 da ke neman bayani, kuma bayanin yana iya zama ɗayan uku: ya daɗe yana shan biyu ko uku a dare, ko ya sha su a zama ɗaya, ko wani ya kwashe bayan mutuwar. Idan kuma aka tarar da kwalabe na wata uku cike, ba a taɓa ba, tarawa yake yi, wannan kuma magana ce dabam. Kwalbar Monroe ta yi nauyi a hukuncin ne saboda kwanan watan da ke jikinta: kafso 25 sun ƙare cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i.

Dole likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da masanin guba, don lambar da ke kan takarda tana yaudara. Bayan mutuwa wasu magunguna suna tsiyayowa daga hanta da huhu da tumbi zuwa jinin da ke cikin zuciya, sai awo ya fito sama da abin da yake lokacin da mutum ke raye. Shi ya sa aka fi yarda da jinin jijiyar cinya, a haɗa da ruwan ido da fitsari. Gashin kai yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, to in aka yayyanka shi gaɓa-gaɓa za a ga ko mutum ya yi watanni yana shan abin. Wannan yana da muhimmanci saboda sabo. Wanda jikinsa ya saba da babiturat, adadin da ke sa shi barci yana ta hawa, amma adadin da ke tsayar da numfashi ba ya hawa daidai da shi, sai tazarar da ke tsakani ta yi ta tsukewa. Irin wannan mutum yana iya mutuwa ba da nufi ba a kan abin da a ganinsa ƙari ne kaɗan, musamman in ya haɗa magani biyu ko ya bi da giya. Don haka tambayar ba wai adadin ya kai na kisa ba ce kawai. Ya yi nisa da abin da wannan mutumin ya saba sha har kuskure ba zai iya bayyana shi ba?

Sai jadawalin lokaci. Shekarar ƙarshe wata-wata, watan ƙarshe rana-rana, awa 24 na ƙarshe awa-awa. A gaban kowane abu a rubuta wa ya faɗa, kuma akwai takarda da ta gaskata shi ko babu. Dubi yammacin Asabar ɗin Monroe. Greenson ya zo gidan ya gan ta da la'asar, ya kuma nemi mai kula da gidan, Eunice Murray, ta kwana. Wajen ƙarfe 7 ɗan tsohon mijinta, Joe DiMaggio ƙarami, ya yi waya da ita, ya ce ya ji ta cikin walwala. Wajen ƙarfe 8 ɗan fim Peter Lawford ya ce a waya ya ji muryarta ta yi nauyi, tana magana kamar mai ban kwana. Mai neman abin mamaki zai ce ɗayansu ƙarya yake. Ba lallai ba: sa'a ɗaya ta isa magani ya fara aiki, ta kuma isa yanayin mai irin ciwonta ya kife. Amma akwai tarko a nan da ƙwararru ma kan faɗa. An san wasu kan sami natsuwa bayan sun yanke shawarar mutuwa. To idan baƙin ciki hujja ne, walwala ma hujja ce, ke nan babu abin da zai iya rushe zaton mai bincike, kuma zaton da ba abin da zai rushe shi ba bincike ba ne. Mai hankali yakan rubuta tun farko abin da in ya gan shi zai sauya ra'ayi.

Hira da mutane ita ce tsakiyar aikin, ita ce kuma inda ya fi rauni. Ana ganin kowa shi kaɗai, ido da ido, ba a haɗa uwa da 'ya ko manaja da direba a zama ɗaya, don na ƙasa zai bi bakin na sama. Ba a cewa "yana cikin damuwa, ko?" Cewa ake yi "ba ni labarin ranar ƙarshe da ka gan shi, tun daga shigowarka." A kowace magana a rarrabe gida huɗu: abin da ka gani, abin da ka ji daga bakinsa, abin da wani ya gaya maka, abin da ka karanta ko ka gani a talabijin. Ba a dogara da mai ba da labari ɗaya a kan kowane muhimmin batu. Sau da yawa mai gyaran gashi ko kuku ko mai gadi ya fi 'yan'uwa sanin ko mutum yana barci, yana cin abinci, yana wanka, ya daina ɗaga waya. Lokacin hirar ma da nasa tasirin: a kwanakin farko mutane suna cikin ruɗewa, bayan 'yan watanni kuma iyali sun riga sun tsayar da labari ɗaya sun haddace shi.

Abin da ake nema a duk wannan ya kasu biyu, kuma ba a haɗa su. Akwai abin da ke nuna mutum yana cikin haɗari gaba ɗaya: yunƙurin baya, wanda shi ne mafi ƙarfi, sai ciwon damuwa ko wata lalurar ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, ciwo mai tsanani da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tarihin gida, da asara ko tozarci na kwanan nan. Monroe tana da yawancinsu. Mahaifiyarta ta yi shekaru a asibitocin masu taɓin hankali, aurenta da Arthur Miller ya mutu a farkon 1961, an kwantar da ita kanta a asibitin ƙwaƙwalwa a New York a Fabrairun shekarar, kamfanin fim na Fox ya sallame ta a Yunin 1962, ko da yake ana maganar mayar da ita. Sai kuma abin da ke nuna niyya a wannan karon: shiri, tara magani, rabar da abin da yake so, ban kwana, binciken hanya, sanin cewa abin yana kisa, da ɗaukar matakin hana a cece shi, kamar kulle ƙofar da bai saba kullewa ba ko sallamar ma'aikata. Kashi na farko shi kaɗai ba ya yanke hukunci, saboda mai damuwa da shaye-shaye shi ne kuma ya fi kowa mutuwar kuskure, shi ne ma wanda mai kisa zai fi sauƙin fakewa da tarihinsa. Rashin wasiƙa ba hujja ba ce, don mafi yawan masu halaka kansu ba sa barin komai. Shirin gobe, kamar tikitin jirgi ko alƙawarin ganawa, nauyinsa kaɗan ne, tunda rikicin kan taso ya kai ƙarshe cikin sa'o'i. Af, wanda ya ga alamun kashi na biyu a jikin mai rai, kada ya tsaya nazari, ya zauna da shi, ya ɗauke magungunan, ya kai shi asibiti.

Duk wannan a kan talaka ma da wuya. A kan shahararre abin ya ninka, kuma dalilin ba wani asiri ba ne: kusan duk wanda ke kewaye da shi yana cin abinci ne a jikinsa. Manaja yana da kwantiragin da zai kare, kamfani yana da inshora, magada suna da dukiya da suna, ma'aikata sun sa hannu a takardar rufe baki. Inshorar rai a Amurka galibi ba ta biya in mutum ya halaka kansa cikin shekara biyu da yin ta, to ka ga kalma ɗaya a takarda tana iya zama miliyoyi. Likitan da ke duba mamacin shi ya fi kowa sanin cikinsa, shi ne kuma ya fi kowa abin tsoro in aka ce sakaci ne, musamman in shi ya rubuta maganin. Ana sauraronsa da kyau, amma fayil ɗinsa aka fi yarda da shi, a kuma duba ko an ƙara rubutu bayan mutuwar. Manyan mutane kan sami likita fiye da ɗaya, kowanne bai san abin da ɗayan ya rubuta ba, wani lokaci ma da sunan wani ake karɓo maganin, don haka rajistar da ke ɗauke da sunan mamacin ba ta cika ba. Ga kuma jinkirin kiran hukuma. A gidan Monroe likitanta na jiki, Hyman Engelberg, ya tabbatar da mutuwar wajen ƙarfe 3:50, ba a kira 'yan sanda ba sai 4:25, kuma bayanan Murray a kan lokacin da hankalinta ya fara tashi sun saɓa wa juna. Irin wannan giɓi ba ya nuna kisa. Sau tari ɓoye abin kunya ake yi, ko neman shawarar lauya. Amma ya isa ya ɓata ɗakin a matsayin shaida, ya kuma ciyar da masu jita-jita shekara sittin.

Abu na ƙarshe da ke ruɗa mutane shi ne ɗaukar sana'a a matsayin zuciya. Waƙar mutuwa da mawaƙi ya rera, ko rawar da ɗan fim ya taka, ba shaidar niyya ba ce. Saƙon da ya fita a shafinsa na Instagram ma sai an tabbatar shi ya rubuta, don da yawa wasu ke riƙe musu shafukan.

Mutuwa biyu da suka biyo baya sun nuna yadda niyya ke juya hukunci. Mawaƙi Prince ya mutu a Afrilun 2016 da fentanil, maganin ciwo mai tsananin ƙarfi, a jikinsa, aka rubuta tsautsayi. Ƙwayoyin jabu ne da aka yi su da siffar wani maganin ciwo da ya fi sauƙi, kuma masu gabatar da ƙara sun ce ba su ga shaidar ya san abin da ke ciki ba. Abin da mutum yake zaton yana sha shi ne ma'auni. Michael Jackson kuwa, a 2009, an rubuta mutuwa ta hannun wani, don likitansa Conrad Murray ne yake ba shi furofofol, maganin sa barci na ɗakin tiyata, a cikin gida ba tare da kayan sa ido da suka kamata ba. A Nuwamban 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ba da gangan ba, aka yanke masa shekara huɗu. Wato "ta hannun wani" a takardar likita ba ta nufin an yi nufin kisa. Wannan na kotu ne.

In kana son ganin inda sana'ar ta ji kunya, ba a wurin ɗan fim ba ne, a jirgin yaƙin Amurka ne mai suna Iowa. Ranar 19 ga Afrilu 1989 ɗaya daga cikin ɗakunan manyan bindigoginsa ya fashe, sojojin ruwa 47 suka mutu. Jami'an FBI suka yi nazarin halin ɗayan mamatan, Clayton Hartwig, daga bayanan da masu binciken rundunar suka miƙa musu, suka ce shi ya tayar da fashewar don ya halaka kansa. Majalisar dokokin Amurka ta sa ƙwararru 14 su duba aikin, 11 suka soke shi, musamman yadda aka faɗi zato da muryar tabbas. Daga baya gwajin injiniyoyi ya nuna tura buhunan albarushi cikin bindigar da ƙarfi fiye da kima yana iya haddasa irin wannan fashewa, a Oktoban 1991 rundunar ta ba iyalinsa haƙuri. Kurakuran guda uku ne, kuma su ake ta maimaitawa: an fara da amsa sannan aka nemi hujja, mai nazari bai tattara bayanansa da kansa ba, kuma an sa nazarin hali ya cike ramin da binciken kayan aiki ya bari. Ƙari a kan haka, da zarar an san mutum ya mutu, duk wata maganar banza da ya taɓa yi sai ta zama ishara. Likitocin da ke fitowa talabijin suna yanke hukunci a kan shahararren da ba su ga fayil ɗinsa ba, ba wannan aikin suke yi ba. Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana mambobinta faɗin ra'ayin sana'a a kan fitaccen mutumin da ba su duba ba kuma ba a ba su izini ba.

Rahoto mai kyau yana faɗin wa ya nemi aikin kuma wa ya biya, da duk takardar da aka karanta, da wadda aka nema aka hana, da waɗanda suka ƙi magana. Sannan a ɗauki tsautsayi da halaka kai da hannun wani ɗaya bayan ɗaya, a jera abin da ke goyon kowanne da abin da ke saɓa masa. Ra'ayi yana zuwa da gwargwadon ƙarfinsa, kuma "ba a tantance ba" amsa ce ta mutunci. Idan hoton halin bai dace da halaka kai ba sam, iyakar abin da likitan zai ce shi ne a koma kan gawa da ɗakin: raunukan kare kai, wurin allura, ko inda jini ya kwanta a jiki bayan mutuwa ya dace da yadda aka tarar da gawar. Ba shi ke sa hannu a takardar mutuwa ba, shawara yake bayarwa. Ƙarfin hujjar da ake buƙata ma ya danganta da ƙasa. A Ingila da can sai an tabbatar da halaka kai ba tare da shakka ba, kamar shari'ar laifi, amma a 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa rinjayen zato ya isa. Ana kuma kula da abin da zai fita ga jama'a, don masanin zamantakewa David Phillips ya nuna a 1974 cewa masu halaka kansu a Amurka sun ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100 a watan da Monroe ta mutu.

Komawa ga ko kashe ta aka yi. Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce ba a ga ragowar kafso a tumbinta ba. Amsar likitoci ita ce tumbin wanda ya saba da ƙwaya, ba abinci a ciki, yana saurin miƙa ta ga hanji, kuma yadda adadin hanta ya ninka na jini kusan sau uku yana nuna ta rayu na wani lokaci bayan maganin ya shiga, jiki yana sarrafa shi. Noguchi ya duba wurin allura bai gani ba. A 1982 ofishin babban mai gabatar da ƙara na gundumar, ƙarƙashin John Van de Kamp, ya sake duba lamarin na tsawon watanni, ya ce bai sami sahihiyar shaidar kisa ba. Amma akwai ramuka na gaske. Ba a yi zaman sauraron bahasi a bainar jama'a ba, waɗanda tawagar ta yi hira da su ba rantsuwa suka yi ba, kuma jini da hanta kaɗai aka gwada. Da Noguchi ya koma neman a gwada hanji da sauran sassan da ya ɗiba, an riga an zubar da su. Wannan gwajin ne zai fayyace ta wace hanya maganin ya shiga jiki, kuma babu yawan hira da zai maye gurbinsa.

Ana iya sauya hukunci bayan shekaru. 'Yar fim Natalie Wood ta nutse a teku kusa da tsibirin Catalina a Nuwamban 1981, aka rubuta tsautsayi. An sake buɗe fayil a 2011, a 2012 aka gyara takardar zuwa nutsewa da wasu dalilan da ba a tantance ba. Can ma sake duba raunukan da aka rubuta a rahoton farko da sabon bayanin shaida ne suka motsa lamarin, ba nazarin hali ba. A Najeriya an ga ɗaya gefen matsalar a kan mawaƙi Mohbad: ya mutu ranar 12 ga Satumba 2023, aka binne shi washegari, aka tono gawar ranar 21 ga wata, daga baya likitan da ya feɗe ta ya shaida wa kotun binciken mutuwa a Legas cewa ruɓewa ta hana a gano sanadin. Inda ake gaggauta jana'iza, kamar ƙasar Hausa, abin da zai yiwu ba tare da an jinkirta sutura da yawa ba shi ne likita ya duba jikin a rubuce, a ɗauki hoto, a ɗebi jinin cinya da fitsari da ruwan ido da ɗan gashi a adana cikin sanyi da sa hannun wanda ya karɓa, a kuma kulle kwalaben magani da wayar mamaci kafin 'yan zaman makoki su cika gidan.